Shuɗiyar Riga ta Ƙarshe a Kamfanin Sabulu

Mu na Allah ne, kuma komai daɗewar zama gare Shi za mu koma. Ranar Laraba goma sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran dattijon da duk mu ma'aikatan kamfanin sabulu muke kira Sarkin Tukunya, bayan ciwon ƙirji ya kwantar da shi 'yan kwanaki a babban asibiti. Muna bakin aiki labarin ya iso. Maigadi ne ya shigo har cikin ɗakin dafa sabulu, abin da ba ya yi, ya tsaya a gindin matakala ya cire hularsa. Ba mu buƙaci ya ce komai ba. Wanda ke kan inji ya kashe inji, mata masu zuba sabulu a kwali suka sa kuka, ni kuwa na nemi duro na zauna.

Baba, ni ba marubuci ba ne, ka fi kowa sani, kai da kake cewa ko sunana na rubuta sai an nemo mai karantawa. Amma shekara ashirin da ɗoriya na yi tare da kai a bakin tukunya, kana sama ina ƙasa, kuma na ga abin da bai kamata a binne shi tare da kai ba. Ranar jana'izarka mutane sun yi ta cewa mutumin kirki ne, mutumin kirki ne. Gaskiya suka faɗa, sai dai maganar ta yi maka kaɗan, don haka ake ce wa duk wanda ya mutu bai ci kuɗin kowa ba. Shi ya sa na zauna in faɗi abin da na sani, yadda ya zo mini.

Wanda bai taɓa shiga kamfaninmu ba sai na yi masa ɗan bayani. Mu ma'aikata riga iri biyu muke sawa. Akwai shuɗiya, ta tsofaffin hannu, waɗanda kamfani ya ɗauka da kansa tun zamanin da. Akwai kuma ruwan toka, tamu, mu da ɗan kwangila ya kawo yake kuma riƙe da wuyanmu. Aiki ɗaya, zafi ɗaya, soda ɗaya ke cin hannunmu, amma a ƙarshen wata abin da mai toka ke karɓa bai kai rabin na mai shuɗiya ba. Ba shi da fansho, ba shi da hutun shekara, in ya kwanta ciwo ranar ta tafi da kuɗinta. Lokacin da na shigo masu shuɗiya sun fi mu yawa. A hankali mutuwa ta ɗauki wasu, sallama ta ɗauki wasu, har aka wayi gari duk faɗin kamfanin shuɗiyar riga ɗaya ta rage, ita ce taka, ita ma ta koɗe saboda wanki.

Da haushinku na shigo, ba zan ɓoye ba, don ni zuciyata a kusa take. Ranar farko aka ce in tsaya ƙasa in riƙa buɗe tururi ina rufewa yadda na sama ya ce. Na ɗaga kai na ga wani siririn mutum a bakin tukunya mai tsayin bene, ya ɗebo sabulu mai zafi a ludayin ƙarfe, ya bari ya huce, ya dangwala da yatsa ya kai harshe. Kai ne, Baba, na kuwa ce a raina lallai an haɗa ni da mahaukaci. Daga baya na gane haka masu dafa sabulu na da suke gwada ko soda ta yi yawa: in ta ciji harshe, to da saura. Akwai ɗakin gwaji da na'urorinsa, kana kuma aika musu samfur kamar yadda doka ta ce, amma lasar nan ba ka daina ba har ka bar duniya. Mama, matarka, takan ce ita kam ta huta, don mijin da ya shekara arba'in yana lasar sabulu, duk abin da aka dafa masa cewa yake ya yi daɗi, ko da an manta gishiri.

Ba ka da yabo a baki. In na yi daidai sai ka yi shiru, in na yi kuskure duk kamfani sai ya ji. "Kai, ɗan nan, tururi na ce ka buɗe, ba ƙofar gidanku ba!" Amma ranar da soda ta fallatsar mini a wuya, kafin in gama ihu ka sauko, ka danna kaina ƙarƙashin famfo, ka riƙe ni kamar yaron da ya ƙi wanka, ina zaginka kana ƙara ruwa. Tabon yana nan, ƙarami ne, da ba don kai ba da ya kai kunne. Washegari na tarar da sabuwar safar hannu a kan makullin tururi, irin wadda ake raba wa masu shuɗiya kaɗai. Na ɗaga kai na ga tsohuwarka a hannunka, yatsu biyu a waje. Na buɗe baki zan yi godiya, ka ce in na gama kallon sama tukunya tana jira.

Lokacin hutun rana kakan ba mu labarin da, mu kuwa mu riƙa ƙyafta wa juna ido, muna cewa tsoho ya fara. Ka ce da ka shigo kana saurayi ba ka yi wata uku ba ka sayi sabon keke, bayan ka ci ka sha ka aika wa mahaifiyarka nata. Ka ce da albashin nan ka yi aure, ka gina ɗaki biyu, ka sa yara makaranta, ba ka taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Motar kamfani ke ɗauko ku da safe ta mayar da ku da yamma. Duk mai aiki kusa da soda ana ba shi madara kullum. Akwai ɗakin cin abinci, manaja ma a nan yake ci, labule kawai ya raba ku, kuna jin ƙarar cokalinsa. Ya fi ku albashi, ba musu, amma irin fifikon da ido ke iya aunawa: shi mota, ku keke, 'ya'yanku da nasa aji ɗaya. Ƙarshen shekara kowa ya tafi gida da katan ɗin sabulu a ka.

Mu da muke saurare mun san sauran labarin, don a jikinmu yake. An yi ta ƙara albashi a takarda, sifili yana bin sifili, amma kwandon cefane sai ƙanƙancewa yake. Albashina na yau, in an faɗa wa saurayin nan mai sabon keke, sai ya ɗauka na zama attajiri, alhali ba ya kai ni tsakiyar wata sai da dabara. Sabulun da muke fitarwa a rana ɗaya yanzu, ku a mako ba ku fitar da shi ba, ga injuna, ga manyan motoci suna layi a ƙofa. Inda ribar take zuwa kuwa sai dai mu ji a bakin direbobi. Babban shugaban kamfani ban taɓa ganin fuskarsa ba. In zai zo sai a sa mu share fili a fesa turare, motarsa mai baƙin gilashi ta shiga ta fita. An ce abin da yake karɓa a wata, ko zan mutu in dawo ba zan tara shi ba. Ɗakin cin abincin nan ya zama sito, motar ma'aikata ta ruɓe a bayan katanga kaji suna ƙwai a ciki, madara kuwa yaran yanzu dariya suke in an ce an taɓa bayarwa. Mu masu yin sabulu a kasuwa muke sayen na wanka, kuma mai arha muke nema.

Yadda riga ta zama biyu kai da bakinka ka gaya mini, ban tambaye ka ba. Wata rana ce bayan mun tashi, muna wanke hannu. Ka ce lokacin da aka sayar da kamfanin, sababbin masu shi sun zo da zaɓi biyu. Ko a rage wa kowa, ko kuma waɗanda ke ciki su riƙe duk abin da suke da shi, albashi da fansho da asibiti, amma duk wanda za a ɗauka nan gaba ya shigo ta hannun ɗan kwangila, ba shi da komai sai kuɗin ranarsa. A lokacin kai ne wakilin ƙungiya a sashenku. Aka taru a fili, aka yi ta kai ruwa rana, sai ka hau duro ka ce, "Jama'a, mu riƙe namu. Waɗanda za su zo ba mu san su ba, in sun zo sa yi nasu faɗan." Aka yi tafi, hannuwa suka tashi, aka ɗauke ka a kafaɗa har bakin ƙofa. Ka ce ranar ka koma gida kana jin ka ceci unguwa guda.

Abin da babu wanda ya kawo a ransa a filin nan shi ne, a unguwar ma'aikata babu wani wurin aiki sai kamfanin, kuma tun asali ɗa ke bin ubansa ta ƙofar nan. Waɗanda ba ku sani ba ɗin suna gida a lokacin, wasu a goye, wasu suna wasan ƙasa a tsakar gidajenku. Ba a yi shekara goma ba babban ɗanka ya gama makaranta, ya yi yawon neman aiki har takalminsa ya ƙare, ya dawo ya tsaya a layin ɗan kwangila. Ka ce kana tsaye aka miƙa masa rigar toka, ya sa, ta yi masa daidai.

Sashen haɗa soda aka kai shi, babu tabarau, don tabarau na masu shuɗiya ne. Wata safiya buhu ya fashe, garin ya shiga idonsa. Abokansa suka ɗauke shi a guje zuwa asibitin kamfani, ɗan ɗakin nan mai gado uku da ke kusa da ƙofa. Akawun da ke bakin ɗakin ya dubi riga ya ce ba a karɓar mai toka sai da izinin ofis, ofis ya ce a nemi ɗan kwangila, ɗan kwangila ba ya gari. Kana can saman tukunya, ƙarar tururi ba ta bari ka ji ba. Kafin a kira ka ka sauko ka ce ɗanka ne, katinka na asibiti ya haɗa da iyalinka, idon hagu ya riga ya tafi. Ka ce mini, "Ɗan nan, hannun da na ɗaga ranar nan, shi ya tsone wa yarona ido." Ka ci gaba da wanke hannu, ka daɗe kana wankewa. Daga ranar haushinka ya fita daga raina.

A yarjejeniyar da kuka sa wa hannu akwai abu biyu da masu kamfani ba su ɗauka da nauyi ba a lokacin. Asibitin zai ci gaba da aiki, da nas da magani, muddin akwai tsohon hannu ko da ɗaya a bakin aiki, don shi da iyalinsa. Sannan ba a yanke wa tsohon hannu ranar ajiye aiki ba, matuƙar yana iya aikin da aka ɗauke shi dominsa. Sun ɗauka shekaru za su share musu ku ba tare da sun sha wahala ba.

Bayan abin da ya sami ɗanka sai ka fara wani abu da a kamfaninmu muke ce masa rakiya. Duk mai toka da ya ji ciwo, ko matarsa, ko ɗansa, sai ka kama hannunsa ka kai shi gaban Sista, nas ɗin asibitin, ka ce, "Iyalina ne." Sista mace ce mai faɗa, in mutum ya tsallake magani ta fi uwarsa jin haushi, amma ba ta taɓa tambayarka ta ina kuka haɗa jini ba. Sai dai ta zolaye ka: "Baba, wannan kuma ɗan wace matar ne? Ai ya kusa girme ka." Kai kuma ka ce, "Sista, ki duba shi dai, lissafin haihuwa ki bar mini." Iyalinka suka haɗa dogo da gajere, mai jin yarenka da wanda sai da hannu kuke magana, mai zuwa masallaci da mai zuwa coci.

Ofis suka ji, suka kira ka. Ka ce yarjejeniya ba ta ce iyali nawa ba, kuma ba a haifi wanda zai gaya maka waye naka ba. Da suka ga ba ka tanƙwaruwa sai suka kafa doka: ba za a duba kowa da katinka ba sai kana tsaye a wurin da kanka. Sun zaci gajiya za ta sa ka bari. Sai ka mayar da hutun ranarka can. Mu muna cin abinci a inuwar katanga, kai kana zaune a bencin asibiti da ɗan wani a cinya, naka abincin yana sanyi a leda. Ranar Asabar da ba ka da aiki ma kakan sa rigar ka zo ka zauna, ko wani zai buƙaci rakiya. Sauran masu shuɗiya wasu sun taya ka, wasu sun ce so kake ka jawo a rufe musu asibitin gaba ɗaya. Ka yi musu kunnen uwar shegu.

Ni ma iyalinka ne, kuma a nan ne bakina yake nauyi. 'Yata ta biyu da sikila aka haife ta. Wanda bai raini mai sikila ba ba zai gane ba. Yarinya tana wasa lafiya lau, sanyi ya ɗan taɓa ta, sai ƙasusuwa su kama, tana kuka tana cewa a cire mata ƙafa. Abin da take buƙata a lokacin ba wani abin a zo a gani ba ne, ƙarin ruwa ne da allurar rage zafi, da maganin da take sha kullum. Amma a asibitin kuɗi tashi ɗaya yakan cinye albashina na wata, babban asibiti kuwa yana can ƙarshen gari, kafin a kai ga likita rana ta yi nisa, maganin ma a waje za a saya. Tun tana goye kake raka ta. Yanzu ta shiga sakandare, ita ce ta fi kowa ƙoƙari a gidana, kuma ban san sau nawa ka zauna a gefen gadon nan kana ba ta labarin shirme don ta manta da allura ba. Kaka take ce maka, kai kuma ka sa mata suna Likita, wai don ta fi ubanta sanin sunayen magani. Ita kaɗai na ga ta ja gemunka ka yi dariya.

Da masu shuɗiya suka ragu, kamfani ya fara ba da kuɗin sallama mai tsoka ga duk wanda ya yarda ya tafi da wuri. Abokanka suka karɓa ɗaya bayan ɗaya, ban ga laifinsu ba, kowa da nauyin da ke kansa. Kai kuwa aka yi ta kiranka, kowane kira tayin na ƙaruwa, don kai kaɗai ka rage tsakaninsu da rufe asibitin nan. Korarka ba ta yiwuwa sai da laifi, kai kuma ba ka makara, ko ɓallin sabulu ba ka taɓa sawa a aljihu ba. Wani sabon manajan ma'aikata, matashi mai ladabi, har gida ya bi ka, ya ce Baba ka huta mana, ai ka yi wa kamfani hidima. Ka ba shi ruwa ya sha, ka raka shi bakin mota, ka ce ka gode, amma tukunya ba ta gaya maka ta gaji da kai ba.

A lokacin ƙirjinka ya riga ya fara. Shekara arba'in ta tururin soda ba wasa ba ce. Tari ya zauna maka, numfashi yana yi maka gardama. Aikinka kuma a sama yake, matakalar ƙarfe ce doguwa da wurin juyawa biyu, ga santsin mai. Kowa ya san sharaɗin: ranar da ka kasa hawa, ranar aikinka ya ƙare, asibiti kuma ya bi ka. Daga tagar ofis ana hango matakalar, mun kuma sha ganin labule ya motsa da safe. Sai ka fito da dabara. In ka kai juyin farko sai ka tsaya, ka ciro tsumma, ka shiga goge wani bututu kana ƙwanƙwasa shi kamar mai neman inda yake yoyo, har numfashi ya dawo. Ba na jin akwai bututun da ya sha guga a duniya kamar wannan. A juyi na biyu kuwa ni ne mai aiki. In ɗaga murya in kawo maka ƙara, doguwar ƙara marar kan gado, kan mai ne ko kan wuta ko kan wanda ya ɗauke mini tsintsiya, kai kuma ka jingina da ƙarfe ka haɗe rai kamar mai saurare. Ba mu taɓa shirya wannan da baki ba, wata safiya dai na ga ka tsaya ba bututun gogewa, sai bakina ya buɗe.

Kullum haka muke, masu toka kowa yana aikinsa amma ido na kan matakala, ba mai samun natsuwa sai mun ga ka dafa bakin tukunya. Mata masu kwali sukan yi addu'a ƙasa-ƙasa. Na taɓa ce maka, "Baba, ka karɓi kuɗin nan ka tafi, mu Allah zai kawo mana wata hanya." Ka dube ni ka ce, "Likita fa?" Na sunkuyar da kai. Ka ce, "To buɗe tururi."

Kada a ɗauka rakiya kaɗai ka tsaya a kai. Ka yi ta bin masu toka kana cewa su haɗa kai su kafa tasu ƙungiyar, ka ce kai ba dawwama za ka yi ba. An gwada, ba sau ɗaya ba, amma duk wanda ya fito gaba sai ɗan kwangila ya sallame shi ya ɗauko wani daga layin da ke ƙofa, layin nan kuwa ba ya ƙarewa. Mutane suka ji tsoro. Ka yi fushi da mu, ka ce mana matsorata, ka yini ba ka kula kowa ba. Washegari matar wanda ka fi zagi ce ka raka awon ciki.

Ranar Alhamis ɗin da ta gabaci rasuwarka ka hau juyin farko, ka ciro tsumma, ka goge bututu. Ka hau na biyu, na fara ƙarata, sai na ga ba ka haɗe rai ba. Ka zauna a kan matakala a hankali, ka jingina kai da ƙarfe. Mu huɗu muka sauko da kai, ba ka da nauyin kirki. Sista da ta gan ka a hannunmu ta saki kwanon da ke hannunta ya faɗi. Ka buɗe ido ka ce mata, "Yau su suka rako ni." Ta sa maka abin numfashi, ta kira mota, ta bi ka har babban asibiti da kayan aikinta a jiki. Likitocin can sun yi iya ƙoƙarinsu, amma suka ce huhun ya daɗe da gajiya.

Ba a yi mako biyu da binne ka ba aka rufe asibitin. Ba su karya doka ba, yarjejeniya suka bi, kamfani ma ya aiko da wakili wajen gaisuwa ya yi magana mai daɗi. Aka fitar da gadajen aka jingina a waje, aka cika ɗakin da kwalaye. Sista ta haɗa kayanta a jaka, ta biyo ta ɗakin tukunya ta damƙa mini ragowar maganin Likita, ta ce zai ɗan kai ta in an bi a hankali, ta juya da sauri don kada in ga fuskarta. Haushi nake ji, Baba, haushin da ban san inda zan kai shi ba. In na ce kamfani, wa zan kama a kamfani? Manajan nan mai ladabi ma an ce shi ma kwangila yake.

Na je gaida Mama bayan mutane sun ragu. Babban ɗanka ne ya shigar da ni, yana juyo da fuska ta gefen ido mai gani kamar yadda ya saba. Duk zaman da muka yi ban taɓa shiga bayan gidanka ba sai ranar. Na tarar da ita zaune kusa da wasu itatuwa jere a jikin katanga, lemo da mangwaro da gwaiba, duk a cikin bokitai da rabin duro. Sun fi ni tsayi amma sirara ne, saiwoyinsu sun fasa ƙarfen sun fito suna neman ƙasa a kan siminti. Ta ce tun shekarar da aka fara yi maka tayin sallama ka sayi ɗan fili a bayan gari, ka sayo itatuwan nan suna ƙanana, ka ce in ka ajiye aiki za ku koma can ku dasa su, ka gina ɗaki ɗaya, ka kwana inda babu warin soda. Kowace shekara ka ce mata baɗi. Ta ce likita ya gaya maka tun tuni, a gabanta, in ba ka bar tururin nan ba shi zai kai ka ƙasa, ka kuma hana ta gaya mana.

Na ce, "Mama, ki yafe mana. Shekarun hutunsa mu muka cinye, har da naki rabon." Ta ce, "Na yi fushi da shi, ba kaɗan ba, har yaji na kusa yi da tsufana. Amma ku ba ku ci mini komai ba, shi ya ɗauka ya ba ku. Kuma na san abin da ya sa, ai ni na haifi yaron." Ta goge ido da bakin mayafi, ta dube ni ta ce, "Yarinyar nan taka fa, in ciwon ya tashi, wa zai raka ta?" Baba, har yanzu da nake wannan rubutu ban sami amsar da zan ba ta ba, ga damina kuma tana tafe, lokacin da ciwon ya fi tashi.

Allah Ya jiƙanka, Sarkin Tukunya. Allah Ya gafarta maka abin da ka yi cikin rashin sani, Ya karɓi shekarun da ka yi kana gyarawa, Ya sanya su a mizaninka. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya yalwata shi, Ya ba ka hutun da ba ka samu a nan ba, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, Allah Ya ba ta haƙuri Ya saka mata da alheri bisa juriyarta, da babban ɗanka da ƙannensa, da jikokinka, da Sista duk inda ta sami kanta. Mu kuma iyalinka na kamfani, da ba mu haɗa jini da kai ba, Allah Ya ba mu ƙarfin zuciya, Ya duba mana yaran nan. Amin.